Tagar da Na Ɗauko Daga Aljeriya

A Agadas aka fara cutata, kuma da ruwa aka fara. Wani mutum mai fara'a a bakin tasha ya sayar mana da jarkoki, an naɗe su da buhu an ɗinke tsaf, ya ce ko rana ta wuni a kansu ruwan ba zai yi zafi ba. Gaskiya ya faɗa, bai yi zafi ba. Sai da muka wuce Arlit, babu gida gaba babu gida baya, na buɗe tawa na kai baki, na ji wari har cikin ƙwaƙwalwata. Jarkar man dizal ce aka ɗauraye sama-sama. Haka muka yi ta sha muna gyatsar mai har muka isa Asamaka.

Ni dai abu ɗaya ne ya fitar da ni daga ƙasar Daura, wato ɗaki. Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Zango, a cikin kwari, inda ruwan unguwa duk yake taruwa. Ginin ƙasa ne. Mahaifina ya tayar da shi ya faɗi, ya sake tayarwa, bayan rasuwarsa ni ma na tayar. A wata damina ɗakin Inna ya zauna gaba ɗaya, Allah ya sa tana wajen awaki. Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu: Yaya Hajara, 'yar fari, tana aure a cikin garin Daura, sai ni auta, ina kwana a shagon da muke buga bulo. Ba inda za a kai Inna sai gidan Yaya, wato gidan surukinta, Malam Haruna mai sayar da hatsi.

Kada wani ya ɗauka Malam Haruna mugu ne. Ɗakin da ya fi kowanne ya ba ta, ya sa mata fanka, kullum sai ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Amma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake nufi da tsohuwa a gidan mijin 'yarta, 'yar ma ta fari wadda ko sunanta ba ta faɗa. Inna ba ta cin abinci in yana gida. Ba ta tsallaka tsakar gida zuwa makewayi sai ta ji tashin babur ɗinsa. Matar da in ta kira akuya a gidanmu ana jin ta daga bakin rijiya, ta koma sai ka kara kunne kafin ka ji me ta ce. Na gaya mata zan je Aljeriya in dawo in yi mata ɗakin da ruwa ba zai ci ba. Ta ce, "Allah ya tsare hanya, Auta." Ni a lissafina rani ɗaya zan yi.

Tamanrasat ta ba ni mamaki. Na zaci zan sauka inda ba mai jin maganata, sai na tarar da Hausa har a bakin masu shayi. Da sassafe muke jeruwa a gefen wani titi, kowa da cebur ko guduma a hannu, mu jira motar da za ta tsaya. In ta tsaya a yi ca a kanta, mai motar ya nuna wanda ya ga ya fi ƙashi, sauran su koma su tsuguna. A nan na haɗu da Idi, mutumin Magarya, ya girme ni nesa ba kusa ba, ga barkwanci, ga taba a leɓe kullum. Shi ya hana ni gudu zuwa mota.

"Ɗan Daura, tsaya a baya ka harɗe hannu," in ji shi. "In suka ga kana gudu sun san yunwa kake ji."

A garin na fara ganin yadda ake zuba rufin kankare. A gida bulo kawai na iya bugawa, in an zo rufi sai a kira kafinta da kwanonsa. Nan kuwa na ɗaure rodi har yatsuna suka tsattsage, na ga yadda ake kafa katako a ƙarƙashi, a zuba, a yi ta ba shi ruwa har ya kama. Ranar da aka cire katakon wani gida da muka yi, na shiga na ɗaga kai na daɗe ina kallo. Na ce a raina, to wannan dai ruwan Zango sai ya haƙura.

Tun daga ranar na kamu da ciwon kallon gidajen mutane. In na ga ƙofa mai baka, in ɗauka a waya. In na ga matakala, in ɗauka. Har indararon wani gida na taɓa tsayawa ɗauka, mai gidan ya fito yana yi mini faɗa da yaren da ban ji ba. Idi ya ce bai taɓa ganin mai kwana a kwali yana zaɓen ƙofa ba sai a kaina. Kuma gaskiyarsa, a kwali muke kwana, cikin wani kango a bakin busasshen rafi.

Akwai wata mai tuwo 'yar Damagaram a bayan kasuwa. Ranar da ta ji daga Daura nake, ta ƙara mini malmala, ta ce in ci, ta ga wuyana ya yi tsawo. Miyar kuka ce da daddawa, irin wadda a gida nake yi wa yanga. Na ci na suɗe kwano, na juya baya don kada Idi ya ga idona. A rumfarta nake zama in kira gida, kuma na koyi lokacin kira. In na bugo Malam yana nan, Inna ba ta wuce "lafiya lau" da "Allah ya yi albarka". In ranar kasuwar Mai'aduwa ce ya tafi da hatsi, sai ta ɗan saki jiki, ta tambayi abin da nake ci, ta tambaya ko akwai masallaci kusa. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan dawo ba.

Da aiki ya yi ƙasa, ni da Idi muka hau arewa zuwa Gardaya. Wani mutum fari, gajere, mai tattausar murya, ya ɗauke mu gyaran wani tsohon gida a cikin tsohon gari, inda lunguna suka matse har yashi ma a jaki ake kai shi. Da muka shiga ya karɓi wayoyinmu, ya ce zai adana, don in jami'ai suka kama baƙo da waya sai su bi ta su kamo wanda ya ba shi aiki. Ya fita, muka ji ya murɗa mukulli ta waje. Muka ce ko na yau ne kawai. Ashe haka za mu ƙare bazara guda.

Kullum da hantsi zai buɗe, a shigo da yashi da farar ƙasa, ya ajiye burodi da gwangwanin kifi, ya duba aiki, ya yi murmushi, ya kulle. Gidan ba shi da taga ko ɗaya. Bango ne mai kauri, an shafe shi fari ciki da waje, sai wasu 'yan kafofi can sama kusa da rufi, waɗanda ko kai ba zai shiga ba. A tsakiyar rufin an bar wata ƙofa mai kusurwa huɗu da ƙarfe a gicciye, da rana a rufe ta da tabarmar dabino, in rana ta yi sanyi a janye. Ta nan kaɗai muke ganin sama. Hawa rufin kuwa an hana mu, wai a garin saman gida wurin mata ne, namiji ba ya leƙawa.

In faɗi gaskiya, gidan da sanyi. In mutumin ya buɗe ƙofa da hantsi, zafin da ke shigowa daga lungu kamar an buɗe tanda, amma mu a ciki ko gumin kirki ba ma yi. Sai dai a lokacin ban ga wannan a matsayin abin yabo ba. Na tsani gidan, na tsani farin bangonsa, na tsani waɗannan kafofi. Watanni ban ji muryar Inna ba, ita ma ba ta san ko ina raye ba. Na rantse wa Idi cewa in Allah ya fitar da ni, ɗakin da zan gina sai na yi masa tagar da raƙumi zai shiga da kayansa.

"Ka dai bari mu fita ta ƙofa tukuna," in ji Idi.

Da aiki ya ƙare mutumin ya buɗe, ya sallame mu, ya miƙo mana wayoyi a leda. Sai da muka fita daga lungunan na duba. Ba tawa ba ce, wata matacciya ce mai fasasshen gilashi, ko layi babu a ciki. Ƙofofina, matakalata, indararona, duk sun tafi. Muka koma neman gidan, lunguna suka rikice mana, kowace ƙofa irin 'yar'uwarta. Idi ya zauna a kan wani dakali ya ce shi kam ya ƙoshi, gida zai koma ya yi noman gero. Muka raba burodin da ya rage, ya yi kudu, na yi arewa. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau ina tuna shi in na ga mutum da taba a leɓe.

An ce mini a duwatsun arewa ana neman masu tsinkar zaitun. Na isa wani ƙauye da ke manne a jikin tsauni daidai shigowar sanyi, da silifas da riga ɗaya. Mu nan muna cewa sanyi, wallahi ba mu san shi ba. Na je masallaci sallar azahar, na sa hannu a ruwan alwala, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Ina nan tsugune ina karkarwa, wani tsoho ya dafa kafaɗata. Bayan sallah ya kama hannun rigata ya ja ni gidansa. Sunansa Ammi Sa'id, magini ne, dutse yake ginawa.

Ya shigar da ni wani ɗaki na baƙin dutse, ya zaunar da ni a ƙasa gaban wata ƙatuwar taga ta gilashi. Rana ta shigo ta kwanta a daɓen, daɓen da ɗumi, bangon da na jingina da shi ma da ɗumi. Ta tagar ana hango kwari da itatuwa da wani tsauni mai farin kai. Matarsa ta kawo miya mai zafi da gurasa, ta ɗauko wata alkyabbar ulu ta ɗansu da ke Faransa ta yafa mini. Tun da na bar gida ban taɓa zama a ɗakin da na ji ni mutum ne ba sai ranar. Na yi barci a zaune.

Ban tsinki zaitun ba, wajensa na zauna. Yarensu ba Larabci ba ne, ni kuma Larabcina na makarantar allo ne, amma aikin hannu ba ya buƙatar surutu. Ya nuna mini kowane dutse yana da fuska da mazauni, in ka zaunar da shi yadda ba ya so sai ya yi ta motsi. Ya nuna mini ba a barin gaɓar da ke tsakanin duwatsu ta hau kan wata gaɓar. A kusurwa a tsayar da ginshiƙin kankare, a sama a ɗaure ginin duka da ɗamara ta rodi. In na ɗora dutse ba daidai ba, ba ya faɗa, sai ya cire ya miƙo mini ya tafi shan kofi. Wata rana bayan magariba ya kama hannuna ya ɗora a bangon ɗakin nan, ya haɗa kalmomin da ya san zan gane. Ya ce dutse yana ajiye rana, ya karɓa da wuni ya mayar maka da dare, saboda haka in zan yi gini in ba rana babbar ƙofa. Na riƙe maganar nan kamar karatu. Tun da ba ni da waya, da kamu na auna ɗakin, tsawo da faɗi da tagar, na ajiye a kaina.

Da na samu wata 'yar waya, lambar da na iya tunawa ta Malam Haruna ce kaɗai, don ita ce a rubuce a ƙofar shagonsa. Ya ɗauka, ya ji muryata, ya yi ta salati. Ya ce sun sa an yi addu'a har sun fara haƙura. Ya ba Yaya. Ita ce ta gaya mini an kai Inna asibiti, ciwon mara da baya, likita ya ce ba ta shan ruwa.

"Daga la'asar take dainawa," in ji Yaya. "Kada buƙata ta kama ta yana gida. Na yi faɗa, shi ma ya roƙe ta ta bakina, ta ce ita ba ta jin ƙishi. Auta, in za ka dawo ka dawo."

Na ƙarasa katangar da muke kai, na yi wa Ammi Sa'id bayani da hannu da baki. Ya gane. Ya ba ni gudumarsa ɗaya da igiyar awo, matarsa ta ce in tafi da alkyabbar. Abin da na tara dama na riga na tura ta hannun wani ɗan kasuwa mai ɗan'uwa a Mai'aduwa, kuma Allah ya sa na yi hakan. A hanya aka tare motarmu, aka sauke duk mai baƙar fata, aka tara mu da wasu, aka yi ta tafiya da mu kudu. Aka zube mu a cikin rairayi, aka nuna mana wata fuska aka ce Asamaka tana can. Gudumar da igiyar sun tsaya a hannun masu bincike. Alkyabbar ulu kaɗai aka bar mini, a cikin wannan rana, na yi inuwa da ita ni da wata mata mai goyo. Ni dama gida za ni, sai dai ban so a raka ni haka ba.

Na shigo ta Kwangwalam ƙafafuna a kumbure. Na tarar da Inna ta zama rabin yadda na bar ta. Ta dube ni ta dube ni, ta ce a hankali, "Ka yi baƙi." Malam yana tsakar gida, don haka hirar ba ta wuce nan ba.

Ban koma kwari ba. A kan tudun da ke gefen gonarmu na haƙa harsashi. Tifa ta kawo baƙin dutse daga wajen Kazaure, ƙauye ya fito kallo. A wajenmu dutse a ƙasa ake binne shi, a ɗora bulo, a shafe da siminti, ba a taɓa ganin wanda ya bar shi tsirara har sama ba. Wani ya ce gada nake ginawa, wani ya tambaya ko gidan yari ne gwamnati ta ba ni kwangila. Na ƙyale su. Ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, ginshiƙi a kowace kusurwa, ɗamara a sama, rufin kankare da indararo biyu masu faɗi. Sai taga. Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, ni kuma ruwa ne abokin gabana, don haka ban ko yi shawara ba na juya ta yamma. Daga Kano aka yanko gilashin. Malam Haruna da kansa ya rungumo shi a bayan mota tun daga Daura.

Inna ta tare a tsakiyar sanyi, kuma zo ka ga ɗaki. Da la'asar rana ta shigo ta kwanta a daɓe, tsofaffin unguwa su taru suna shan ɗumi suna ɓarar gyaɗa, ba mai son tashi. Inna ta sa aka kafa mata murhu da randa a inda take so. Ta karɓo awakinta daga wajen maƙwabta. Wata safiya ina kwaɓa simintin makewayi na ji ta daka wa wata akuya tsawa, har na saki cebur. Waɗanda suka ce gada nake ginawa suka fara zuwa tambayar nawa tifar dutse take. Ni kuwa ina tafiya ina jin kaina, ina ba da labarin Ammi Sa'id ga duk wanda ya tsaya.

Sai bazara ta shigo.

Ni a rumfar kara nake kwana a waje, kuma na samu aikin wani gini a Zango, ina fita da safe in dawo da magariba. In na tambaye ta ɗaki, sai ta ce ɗaki alhamdu lillahi. Wata rana siminti ya yanke mana na dawo da la'asar. Ban same ta a ɗaki ba, ban same ta wajen awaki ba. Can na gan ta a bayan ginin, a ɗan tsukin da ke tsakanin bango da danga, zaune a ƙasa, ta jiƙa zani ta lulluɓa, tana numfashi sama-sama. Wuyanta da hannayenta duk ƙurajen zafi sun yi ja.

Na shiga ɗakin. Rana ta cika shi ta gilashin nan tun daga ƙasa har sama. Na ɗora hannu a bango na janye. Rufin ma yana sauko da nasa. Dutse ya yi abin da Ammi Sa'id ya ce zai yi, ya karɓa da wuni, kuma zai mayar mata da dare, har asuba. Tsohon bai yi mini ƙarya ba. Ni ne na ɗauko ɗakin mutanen ƙanƙara na kawo ƙasar Daura na sa uwata a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san maganin, kuma na san inda na gan shi. A gidan wancan gajeren mutum mai murmushi. Na zauna a bakin ƙofa, ban so in ɗauki ko ƙwayar yashi daga gidansa ba. Amma ba ni zan kwana a ɗakin ba. Na tsara abin da za a yi: a cire gilashi, a toshe tagar da dutse mai kauri a bar 'yan kafofi can sama, a fasa wasu a bangon da ke kallonsu don iska ta ratsa, a shafe waje da saman rufi da farar ƙasa, a kafa rumfa a yamma ta tare rana. Haka ɗakin yake a yau, kuma wanda ya shiga da bazara ba ya son fita. Amma kafin a kai nan sai an yi fashe-fashe, ga ƙura, ga tsakuwa, ga ɗanyen siminti, aikin kwanaki.

Na kira Yaya. Ta zo washegari ta ga jikin Inna, ta yi mini wankin babban bargo, ta ce a mayar da ita Daura har a gama, in ya so ma ta zauna sai ruwa ya sauka. Malam Haruna ya ɗauko shatar mota, ya tsaya daga bakin danga kamar yadda ya saba, ya aiko da gaisuwa. Yaya ta ɗaure kayan Inna a zani ta ajiye a bakin ƙofa. Na jingina tsani, na ɗauko guduma, ina jira su fita.

Inna tana zaune a tabarma. Ta miƙa hannu ta jawo ƙunshin, ta kwance shi, ta fara fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a gefenta.

"Inna, mota tana jira," in ji Yaya.

Ba ta dube ta ba. Ni ta duba.

"Auta, aikin nan dole sai ɗaki babu kowa?"

"Akwai ƙura, Inna. Dutse zai riƙa faɗowa. 'Yan kwanaki ne kawai, in na gama da kaina zan je in ɗauko ki."

"Haka ka ce wancan karon."

Tun da na tafi har na dawo ba ta taɓa yi mini maganar daɗewata ba, ko da wasa. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta yi magana da muryar da na tabbata ta kai bakin danga.

"A gaishe shi. A ce na gode, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa ɓata mini ba ko da kallo. Amma ni na gama kwana a gidan suruki. In zafi ne zai kashe ni, ya zo ya same ni a ɗakina."

Yaya ta fara kuka. Ni kuma a lokacin ne na san nauyin shekarun da na yi ina zaɓen ƙofofi a ƙasar mutane, kuma ya yi mini ciwo fiye da duk abin da na gani a hanya. Daga waje muka ji an tayar da mota ta tafi. Na leƙa, na ga Malam Haruna ya sallami direba, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a danga, yana naɗe hannun 'yar ciki. Bai shigo ba. Ya zagaya ta yamma ya tsaya a ƙarƙashin tagar, inda zai karɓi gilashi.

Inna ta ja tabarmarta zuwa kusurwar gabas, ta ɗauki babban farantin da take shanya kuɓewa ta kifa a ka, ta riƙe da hannu ɗaya.

"Fasa," ta ce. "Ina ciki."

Na hau tsani.